Magudanar da Muka Ajiye wa Baƙi

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Yau ya kamata a yi gayyar yashe magudana, ba a yi ba. Tun ina amarya a Unguwar Dabo haka na tarar: ruwan sama na ɗaukewa, gero na shiga rumbu, Sarkin Noma zai sa a yi shela, maza su fito da shebur da lauje su kwashe laka da ciyawar kacala daga 'yar magudanar da ke ɗauko mana ruwa daga babban kanal na dam ɗin Watari, mu kuma mata mu bi su da kunu. Kafin rana ta faɗi ruwa ya kai ƙarshen gonaki. Ba a taɓa biyan kowa ba, ba a taɓa roƙon kowa ba.

Har na jiƙa gero sai ga mai shela yana yawo da lasifika wai an ɗaga. Dalili, baƙi za mu yi. Wata ƙungiyar Turawa ta ce za ta shafe mana magudanar da siminti, wani kamfanin 'yan Chana kuma ya ce shi ma zai yi, har da injin ban ruwa mai sola. Dagaci ya ce kada wanda ya cire ko tsinke, a bar ta yadda take sai baƙi sun zo sun gani da idonsu. Wai idan suka tarar da ita tas, ruwa na gudu, me za su gyara? Maza masu gemu, gari guda, sun zauna sun yanke shawarar a adana ƙazanta saboda baƙo. Tir!

Na san bakin da ya kai wa Dagaci wannan dabarar. Ba zan rubuta ba, tunda ni ke tuƙa masa tuwo.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, hantsi

Gonar Baban Sakinatu ce ta ƙarshe a layin, sai kowa ya sha ruwa ke isa wurinsa. Ɗan farina ne, don haka ko a wannan littafin da ba mai buɗewa hannuna ba zai rubuta sunansa ba, da sunan 'yarsa nake kiransa. Kakarsa ce ta raine shi. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa zama hira da shi ba, tsakaninmu gaisuwa ce, ita ma ina kallon wani wuri. Haka uwata ta yi da babban yayanmu, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa.

Matarsa Rumaisa ce 'yar aikenmu. Ta shigo aron rariya, ta tsaya tana juya ta a hannu.

"Umma, ya ce in alkama ba ta shiga ƙasa bana ba, shi kam ya gama da garin nan."

"Ya gama ya je ina?"

"Agadas, daga can Aljeriya. Abokansa suna can suna aikin gini, kullum sai sun turo masa hoto."

Bara tumatirinsa a kwando ya ruɓe a bakin titi, ba mai saye. Bana ya tattara duk abin da yake da shi ya sa a kan alkama. Ita kuwa alkama sanyi take so, in Disamba ta raba tsakiya ba ta cikin ƙasa, ciyawa za a noma. Na ce wa Rumaisa ta ce masa na ji. Rariyar kawai na miƙa mata.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan Magariba

Malam, maigidana, ya dawo daga Bagwai da farin ciki. Shekara da shekaru yana koyar da darasin gwamnati a sakandare, yara na barci a aji, yau ga shi gari guda ya zama ajinsa. Ya shimfiɗa tabarma, ya kunna rediyo, ya murɗa daga wannan tashar waje zuwa waccan, kowace tana zagin ƙasar ɗayar da Hausa mai daɗi.

"Malama, ke ma fa kina koyarwa, ki fahimta. Da duniya ubangida ɗaya gare ta, yanzu kasuwa ta zama. Dubi Nijar, sun kori wasu sojojin sun kawo wasu. Ƙaramar ƙasa mai wayo ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Ta riƙe wannan da dama, ta riƙe wancan da hagu, su yi ta rige-rigen kyautata mata."

"Alkama ta san da wannan karatun?"

"Sati biyu ne kawai."

"Ita Nijar ɗin da kake faɗa, toshe rijiyoyinta ta yi tana jiran su?"

Ya ce matsalata ba na hangen nesa. Na ce haka ne, idona bai wuce gonar ƙarshen layi. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan Azahar

Turawa sun zo. In ce Turawa, Bature ɗaya ne da wata Baturiya, sauran duk namu ne daga Abuja, masu yin Turanci ta hanci. Hedimasta ya sa na fito da 'yan ajina tun hantsi, na jera su a rana da 'yan tutocin takarda. Lissafin raba lambobi ya kamata mu yi yau.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne mutanenmu. Dagaci ya ba da umarni a ɓoye babura a bayan masallaci, kowa ya sa tsohuwar riga. Alhaji Usaini, mai shagon taki, wanda ya je Makka har ya gaji, na gan shi da riga a yage a kafaɗa, yana tafiya yana ɗingishi. Jiya da ƙafafunsa biyu lafiya lau ya wuce ƙofar gidana. Suka raka baƙin bakin magudana, kowa yana nuna musu inda ta fi muni, ana gardama wai nan ta fi can wari. Baturiyar ta toshe hanci da hannu ɗaya, tana ɗaukar hoto da ɗayan, tana murmushi.

Kajina biyu suka shiga tukunyar baƙi. Ko murfin ba su ɗaga ba, da ruwan robarsu suka zo. 'Yan rakiyar Dagaci suka cinye.

Sharaɗinsu ɗaya: kada mu yi hulɗa da kamfanin can. Dagaci ya dafa ƙirji ya ce, "Mu naku ne, tun kaka da kakanni." Malam ya fassara, har da ƙari.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan Azahar

'Yan kamfanin sun zo da hulunan kwano da sandunan awo. Aka ce in kulle tutocin makon jiya a kabad, aka ba ni wasu jajaye. Yara suka tambaye ni, "Malama, yau wace ƙasa ce mu?" Na ce su yi shiru su ɗaga hannu.

Waɗannan dai sun ci abinci, har da ƙari. Ɗayansu yana jin Hausa, yana cewa ranka ya daɗe, maza suna ta dariya kamar an yi musu bushara. Sun auna magudana, amma na lura sun fi daɗewa suna tsintar duwatsu a gindin tsauni suna sawa a leda. Nasu sharaɗin: duk alkama da shinkafar da za mu noma su za a sayar wa, a farashinsu, kuma kada allon sanarwar aikin Turawa ya tsaya a garin.

Dagaci ya dafa ƙirjin nan dai ya ce, "Mu naku ne." Ko kalma ɗaya bai sauya ba. Alhaji Usaini ya manta wace ƙafa ce take ɗingishin, yau ta hagu ya ja.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da safe

Ba a yashe ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Sanyi ya sauka sosai, man kaɗanya ya daskare a kwalba. Irin sanyin da manomin alkama ke roƙo ne, mu kuma muna zaune muna shan sa a banza.

Sarkin Noma Iliyasu ya je wurin Dagaci bayan an sauko daga masallaci, ya ce tunda kowa ya gani ya ɗauki hotonsa, a bari a yi gayya gobe. Aka ce a'a. Waɗanda suka zo ƙanana ne. Kowane ɓangare ya yi alkawarin dawowa da babbansa, kuma dole babban ya tsaya a bakin ƙazantar a ɗauke shi hoto kafin a saki kuɗi. Wato yanzu kacalar ma tana da ranar ganin manya.

Litinin, 17 ga Nuwamba, tashi daga makaranta

Akuya ta faɗa magudana ta mutu, ta kumbura. Wani ya kawo ƙugiya zai jawo ta, aka hana shi. An ce za ta ƙara wa hoton ƙarfi.

Na kasa cin abincin rana.

Laraba, 19 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na je Tofa gaisuwar rasuwa. A hanya na ga gonakin ƙauyukan da ke ɗaya gefen kanal, waɗanda ba wanda ya yi musu alkawarin komai. Alkamarsu har ta tsiro, kore shar. Wata mata a mota ta ce, "Ku 'yan Unguwar Dabo ai kun haye, an ce ƙasashe biyu ke faɗa a kanku." Na ce mata ƙwarai, har mun rasa inda za mu zuba arziki.

Da na dawo na hango Baban Sakinatu tsaye a gonarsa, hannu a baya. Ya gama kaftu, ya ja kunyoyi, ya daidaita komai, ƙasa a bushe tana jira. Na bi ta ɗaya hanyar don kada mu haɗu.

Asabar, 22 ga Nuwamba, Azahar

Baban Sakinatu ya shiga magudana shi kaɗai. Rumaisa ta shigo da gudu tana haki ta gaya mini. Tun da sassafe ya ɗauki shebur da lauje ya fara daga ƙarshen gonarsa yana yowa sama, bai nemi izinin kowa ba. Kafin hantsi samari huɗu masu gonakin kusa da tasa sun tuɓe riguna sun bi shi. Sun jawo akuyar sun binne.

Na dama kunun tsamiya cike da babbar roba. Na ce wa Rumaisa ragowa ne, kada ya lalace, ta san inda za ta kai. Ta dube ni ta yi dariya, na ce ta ɓace mini da gani.

Yau na ci abinci har na ƙara.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan Magariba

Sun yashe kusan rabin magudanar. Malam bai kunna rediyo ba. An aiko daga gidan Dagaci sau biyu.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ba zan rubuta abin da aka yi yau a bakin magudana ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, hantsi

Ban je makaranta ba, na aika cewa kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Farar rigar Malam ta shadda tana nan a bayan ƙofa inda ya jefar da ita, laka tun daga ƙirji har hannuwa, ganyen kacala a manne. Ya ce in jiƙa ta. Na ce sabulu ya ƙare. Ga sabulun nan a kan taga, yana kallonsa.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan Azahar

Juwairiyya maƙwabciyata ta shigo wai duba ni, alhali labari ne ke cin ta. Na ce ba na son ji. Ta ce to, ta zauna, ta faɗa duka.

Ashe ranar Litinin ɗin an bugo wa Dagaci cewa babban Turawa zai zo gobe Alhamis. Sai ya tura mutane su mayar da abin da samarin suka fitar. A mayar! Laka da kacalar da aka tara a gefe, a sake zuba su cikin ruwa. Samarin suka tsaya da shebur suka ce ba mai taɓawa. Sai Dagaci ya juya ya ce, "Malam, ɗanka ne, shawarar kuma taka ce."

"Wallahi Malama, da idona na gani daga kan katanga. Ya naɗe hannun riga, ya rungumi kacalar nan ya watsa ciki, a gaban yaron. Sauran suka bi."

"Shi kuma fa?"

"Ajiye shebur ya yi. Ya ce, 'Baba, sannu da aiki.' Ya ɗauki rigarsa ya tafi. Ko ɗaga murya bai yi ba."

Da ma ya ɗaga muryar. Na san jinin gidan nan, wanda ya yi ihu yana hucewa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, Magariba

Yara a rana da tutocin farko tun safe. An yanka rago. Dagaci ya sha rawani, an ɓoye babura, Alhaji Usaini ya sa yagaggiyar rigarsa. Har La'asar ko ƙurar mota ba a gani ba. 'Yar ajina ɗaya ta faɗi don yunwa, na ɗauke ta na kai ta inuwa, na sallami sauran ban tambayi kowa ba.

Daga baya aka ce an ɗaga zuwa wani lokaci. Maza suka zauna suka cinye ragon, suna cewa ai manya ba su da lokacin kansu. Har uzuri suke ba su.

Asabar, 29 ga Nuwamba, da safe

Ba a yashe ba. Ba ya zuwa gaishe da ubansa, a masallaci ma sahu daban yake tsayawa.

Litinin, 1 ga Disamba, bayan La'asar

Ɗaya daga cikin 'yan Abujan nan ya bugo wa Malam. Gwamnatin ƙasar da ke ba su kuɗi ta sauya ra'ayi, ta ce yanzu makamai take buƙata, ba magudanan ƙauye ba. An rufe ofishinsu, shi kansa mai bugowar aiki yake nema, har yana tambaya ko ana ɗaukar malamai a Kano.

Na ɗauka Malam zai sunkuyar da kai. Ina! Sai cewa ya yi, "Kin ga amfanin riƙe biyu ke nan. Da su kaɗai muka bi, da yanzu mun tashi a tutar babu." Na tashi na shiga madafa na yi ta kankare tukunyar da take a wanke.

Laraba, 3 ga Disamba, tashi daga makaranta

Rumaisa ta ce ya sayar da babur ɗinsa. Ta faɗa tana kallon ƙasa, Sakinatu na goye tana wasa da ɗan kunnenta.

"Umma, ki yi masa magana. Wallahi ke kaɗai zai ji."

"Ni? Yaushe na fara?"

"To ki fara mana, Umma."

Na ce ta kiyaye harshenta. Ta fita tana kuka. Yarinyar ba ta yi laifin komai ba.

Da yamma na ce wa Malam ya kira ɗansa ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Da wace fuskar?" Na ce da wadda ya yi wa Turawa fassara. Ya fita bai ci tuwo ba. Ni ma ina da baki, na sani. Har zaure na kai, na ji muryar Baban Sakinatu a waje yana magana da wani, na juyo. Me zan ce? Ban san ma yadda ake fara magana da shi ba.

Alhamis, 4 ga Disamba, bayan Azahar

Kamfanin ba sa ɗaukar waya. Yau Malam ya hau mota har Kano, ofishin da suka ba da adireshi. Ya tarar da mai jin Hausar nan yana ɗaure kaya. Ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi shayi, ya ce ranka ya daɗe, aikin ya koma wata jiha inda duwatsun suka fi kyau. Da Malam ya matsa, sai ya ce masa gaskiya su ma sun shigo ne don sun ji waɗancan za su kafa allo a kusa da dam. Tunda waɗancan sun tafi, ba sauri.

Malam da bakinsa ya ba ni labarin, a tsaye, bai cire hula ba. Ashe ba mu ake so ba. Kowannensu ba ya son ɗayan ya samu ne kawai, mu kuma muka yi kwalliya da tsummoki muna jiran a zaɓe mu. Ban ce masa ai na faɗa ba. Ƙyamar da nake ji ta wuce gori, kuma har da kaina a ciki, ni da na jera 'ya'yan mutane a rana da tutar da ban san ma'anar launinta ba.

Juma'a, 5 ga Disamba, La'asar

Sarkin Noma ya sake komawa. Dagaci ya ce a ƙara sati ɗaya, wai ya ji ƙishin-ƙishin wasu Larabawa suna zagaya dam-dam.

Na soya gyaɗa, na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na ɗaure a leda na ba Rumaisa. Ba ta tambaye ni na waye ba.

Asabar, 6 ga Disamba, bayan sallar Asuba

Ya zo ƙofar ɗakina ya durƙusa. Ta ƙasan labule na ga takalmansa da gindin jaka.

"Malama, zan kama hanya."

Ina kan sallaya, na juya fuskata bango yadda na saba.

"Allah ya kiyaye."

"Amin. A yafe mini."

"Ba ka yi komai ba."

Ya ɗan jima a durƙushe. Ina jin numfashinsa. Na san jira yake, kuma na san abin da yake jira. Na ci gaba da jan carbi har takalman suka juya.

Lahadi, 7 ga Disamba, Azahar

Sakinatu ta yini tana leƙa zaure.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan La'asar

Tun da ya tsallaka iyaka layinsa ba ya shiga. Rumaisa ta dawo ɗakina da kwana. Larabawa ba su zo ba, ban ma tabbata akwai su ba.

Rediyo na ta faɗin wani babban taro da shugabannin duniya ke yi, wai za a sake tsara yadda ƙasashe za su zauna da juna. Malam da kansa ya miƙa hannu ya kashe.

Asabar, 13 ga Disamba, Magariba

An yi gayya. Ba shela ma, Sarkin Noma ne ya fito da sheburinsa bayan Asuba ya shiga ruwa, mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Dagaci ya yi kamar bai gani ba. Malam na cikin na farko, ya yi aiki kamar zai kashe kansa, har tafin hannunsa ya fashe. Alhaji Usaini ya warke sarai, shi ke tura baro. Na dama kunu don al'ada ce, amma ban kai da kaina ba.

Kafin La'asar sakaliya an gama. Yini ɗaya! Abin da muka zauna a kansa tun farkon sanyi, yini ɗaya ne bai ma cika ba. Ruwa ya bi layi har ƙarshe, ya shiga kunyoyin da Baban Sakinatu ya ja, ya cika su. Rumaisa ta je ta gani ta dawo ta shige ɗaki.

Sarkin Noma ya aiko a gaya mini, in aka shuka cikin makon nan za a iya samun rabi, in kuma ya wuce a sa masara. Gonar ba ta mutu ba, in ji shi, mai ita kawai take nema. Malam ya ce shi zai shuka. Na ce ba mai watsa iri gonar ta rasa ba, mai ita ta rasa.

Litinin, 15 ga Disamba, bayan Azahar

Wayar Rumaisa ta kwana a shagon caji, sai da hantsi ta karɓo. Ta same ni a makaranta, ta kira ni waje. Saƙon murya ne daga baƙuwar lamba, tun jiya da yamma ya shigo. Ta kunna.

Muryarsa ce, ta dushe. Ya ce yana Agadas lafiya, wayar wani mai shayi a tasha ya ara. Ya ce sun samu mota, gobe Litinin za su shiga sahara, daga nan ba waya sai an isa. Ya ce a shafa masa kan Sakinatu. Ana jin ƙarar kofuna a bayansa. Sannan ya ce, "Rumaisa, an yashe kuwa?"

Ta ɗaga wayar za ta amsa, na fizge ta. Ban san lokacin da na yi ba. Na ce ta nuna mini inda ake dannawa. A nan bakin aji, yara na leƙe ta taga, hedimasta na tsaye a baranda, na danna na yi magana. Na ce an yashe, ruwa ya kai gonarka, ya cika kunyoyinka. Na ce kada ka hau motar nan. Na ce ni ce, mahaifiyarka, ni nake roƙonka, ka dawo gida, ɗana, ban iya kwana ba tun da ka tafi. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan iya maimaitawa ba. Rumaisa ta toshe baki da mayafi.

Saƙon ya tafi. Muka tsaya muna kallon wayar. Ba a jima ba amsa ta shigo, na ce ta kunna.

Ba muryarsa ba ce. Wani dattijo ne, da Hausar mutanen can.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Motarsu ta tashi tun da sassafe, ni na ba shi shayin ƙarshe. Na saurari saƙonki don in san ko na gaggawa ne. Wallahi har na yi hawaye. Allah ya haɗa fuskokinku."

Na miƙa wa Rumaisa wayarta, na koma aji na ce su buɗe littafin lissafi. Maganar da ban taɓa yi masa ba tun ranar da na haife shi, na yi ta yau, kuma mai shayi a tashar Agadas ne ya ji ta.